Daren Kalangu a Garwa

Hutun makaranta da ya wuce mun tashi daga Yawunde zuwa Garwa, wajen bikin ɗiyar wani ɗan'uwanmu. Jirgin ƙasa ya kwana da mu a hanya har Ngaundere, inda layin dogo ya ƙare. Daga nan muka shiga mota muka yi ta gangarawa, zafi yana ƙaruwa, har muka haye gadar Binuwai da la'asar sakaliya.

Wanda bai san Garwa ba, to garin Fulani ne da Lamiɗonsa. A kasuwa da Fulatanci ake ciniki, a makaranta kuwa sai Faransanci. Kakanninmu fatauci ya kawo su daga Kano da Katsina da Zazzau, tun kafin Jamusawa su kama garin a 1901, suka yi aure suka zauna. Mu 'yan Kamaru ne, a nan aka binne cibiyarmu. Amma in ka tambayi dattijo asalinsa, sai ya ambaci garin da bai taɓa takawa ba.

Uban amarya ya yi abin kirki, domin makaɗan kalangu ya ɗauko takanas daga Kano, suka biyo ta Yola. Bayan sallar isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, titi ya toshe. Maroƙinsu gwani ne, tun da rana ya zaga yana tambayar asalin kowa. Da kiɗa ya yi zafi sai ya juya kan wani tsoho mai sayar da goro, ya shiga jero masa ƙofofin Katsina da unguwar kakansa. Tsohon nan, wanda sai da sanda yake zuwa masallaci, ya miƙe ya zaro takardar sefa dubu biyar ya liƙa masa a goshi. "Yaro, sake faɗi," in ji shi, hawaye na bin gemunsa. Sau uku ana maimaita masa.

Mu da muka haura arba'in, abin ya tuna mana ƙuruciya, lokacin da iyayenmu kan kewaye rediyo suna laluben tashar Kaduna, kuma kaset ɗin Mamman Shata ɗaya kan zaga gida goma har zarensa ya tsinke a ɗaura. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015, Allah ya jiƙansu. Yau duk waƙoƙinsu suna cikin waya, amma kowa shi kaɗai yake ji, da abu a kunne.

Abin da ya dame mu shi ne yara. Sun yi rawa har ƙura ta tashi, sai dai kalmomin sun wuce su. Mu malamai mun sani, laifin ba nasu ba ne. Mu ne muke yi musu faɗa da Faransanci, uwayensu su aike su da Fulatanci, Hausa kuwa sai gaisuwa.

Can wajen ƙarfe ɗaya na dare, jikan tsohon nan, ɗan shekara kamar goma, ya ja mu da riga, ya tambaya da Fulatanci me aka faɗa har kakansa ya yi kuka. Muka ce ya je ya tambaye shi da kansa. Da za mu tafi masauki mun bar su a bakin tabarma, tsoho yana lissafa ƙofofin da yatsunsa, yaron yana maimaitawa, yana tuntuɓe a kan Ƙofar Ƙaura.