Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Awon Kwano a Jeren Kwamfuta

Duk wanda ya yi karatun kwamfuta a ƙasar Togo da Faransanci ya yi shi, ni ma haka. Amma tun da na fara koya wa ƙannena na zangon Dapaong rubuta manhaja, na lura cewa abin da na iya faɗa musu da Hausa shi ne abin da na fahimta da gaske, sauran kuwa hadda ce. Darasin da ya fi gwada ni shi ne na wurin ajiyar da na'ura ke ware wa kowane aiki idan an kira shi. Ga kalmomin da na zaɓa da dalilan zaɓensu, domin ɗaliban Hausa su auna, su karɓa ko su kawo waɗanda suka fi.

Manhaja ba dunƙule ɗaya ba ce. An rarraba ta ƙananan ayyuka, kowanne da sunansa, wani na kiran wani. Ni nakan kira kowane ɗayansu ɗan aike, domin ana ba shi saƙo, ya je ya yi, ya dawo da amsa, kuma shi ma yana iya aiken wani kafin ya dawo. Ɗan aike yana bukatar inda zai ajiye kayansa muddin yana bakin aiki: lambobin da yake lissafi da su, da adireshin inda zai koma in ya gama. Na'ura tana ba shi wannan wuri a saman na wanda ya aike shi, idan ya gama a ɗauke.

Bafaranshe yana kiran wannan tsari pile, kalmar da kuma ke nufin batirin tocila, abin da kan rikita yara. Alan Turing, a rahoton da ya rubuta a 1945 kan na'urar ACE, ya kwatanta shi da binnewa da tonowa. Friedrich Bauer da Klaus Samelson na Jamus, waɗanda suka nemi rajistar hikimar a 1957, sun kira shi Keller, wato ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa. Kowa ya ɗauko daga gidan ubansa. Ni na ɗauko daga kasuwar Korbongou, inda mata masu sayar da kwanuka ke ɗora wani a kan wani: jere. Wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara ɗaukewa, kuma ba a zare na tsakiya sai jeren ya rushe. Na guji kalmar tari, domin akwai wata ma'adana dabam a cikin na'ura wadda ake ɗiba daga ko'ina cikinta, ita ce ta cancanci wannan suna. In kuwa tsarin jere ne, to rabon kowane ɗan aike kwano ne.

Tambayar ita ce: wa ke auna girman kwanon, kuma yaushe? Mai awon shi ne mafassari, manhajar da ke juya abin da mutum ya rubuta da harshe irin su C zuwa umarnin da na'ura ke ganewa. Ɓangarensa na farko yana karanta nahawu da ma'ana, na ƙarshe kuma yana fitar da umarnin da ya dace da irin ƙwaƙwalwar na'urar. Awon kwano aikin ɓangaren ƙarshe ne, kuma dole a gama shi tun lokacin fassara, domin cikin umarnin farko da ɗan aike zai bi akwai wanda ke cewa, “Ware mini bayit kaza.” Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu yi awon tare, bisa ƙa'idar da Linux ke bi a kan ƙwaƙwalwa irin x86-64. A ce ɗan aikenmu yana da lambobi uku masu bayit 8 kowace, da layin haruffa mai bayit 20: kayansa 44 ke nan. Adireshin komawa yana cin 8. Akwai kuma rajista, wato 'yan aljihunan da ke cikin ƙwaƙwalwar kanta, masu sauri amma kaɗan. Wasunsu amanar mai aike ce, in ɗan aike ya are su sai ya adana abin da ya tarar ciki ya mayar kafin ya tafi. A ce ya ari biyu, 16 ke nan. Sannan yana aiken wani da saƙo takwas. Ƙa'ida ta ce shida na farko su bi ta rajista, biyun da suka rage su hau jere, wani 16 ɗin. Jimla 84. Sai dai ƙa'idar ta ƙara cewa kafin kowane kira bakin jere ya tsaya a kan ninkin 16, don haka a cike zuwa 96, bayit 12 su zauna fanko. A kan Windows lissafin ya sha bamban: saƙo huɗu ne kawai ke bi ta rajista, kuma wajibi ne mai aike ya ware bayit 32 domin wanda ya aika, ko zai yi amfani da su ko ba zai yi ba.

Akwai wata dabara da nake jin daɗin bayyanawa. Idan ɗan aike zai aiki mutum biyar ɗaya bayan ɗaya, ba sai ya ware wurin saƙon su biyar ba. Wurin wanda ya fi kaya ya wadatar, tun da na biyu ba ya tashi sai na farko ya dawo. Saboda haka mafassari yana bin kiraye-kirayen da ke jikin aikin ɗaya-ɗaya yana riƙe da mafi girma, kamar mai masauki da ke gina ɗaki ɗaya daidai da baƙon da ya fi kowa kaya.

Wahalar da ke cikin sana'ar ita ce lambar da ake so a farkon aiki ba ta samuwa sai a ƙarshen fassara. Mafassari ba ya sanin lambobi nawa za su rasa rajista su zubo cikin kwano sai ya gama rabon rajistar, rabon kuwa yana zuwa can baya. To yaya ake yi? A cikin LLVM, wanda Chris Lattner da Vikram Adve suka fara a Jami'ar Illinois a 2000, ba a ba kowane kaya adireshinsa tun farko. Lamba ake maƙala masa, kaya na ɗaya, kaya na biyu, a kuma sa alama kafin kowane kira da bayansa mai nuna yawan wurin da saƙon zai ci. Sai an gama komai wani mataki ya dawo ya tattara, ya shirya kayan, ya musanya lambobin da adireshi na gaskiya, ya rubuta umarnin buɗewa da na rufewa. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar Sokodé ya ga ana lodin manyan motocin da ke bin hanyar Lome zuwa Cinkassé ya san wannan: ana rubuta suna a jikin kowane buhu tun da safe, amma inda zai zauna a mota sai kaya sun gama taruwa.

Akwai kayan da ba sa aunuwa tun gida. Tsarin C na 1999 ya halatta layin da ba a san tsawonsa ba sai ana cikin aiki. A nan mafassari yana kafa turke, wato ya sadaukar da rajista guda ta riƙe gindin kwano, domin ko bakin ya motsa a san inda kaya suke. Masu kula da zuciyar Linux sun ga haɗarin ya fi amfanin, suka tsabtace ta daga irin wannan layi a 2018. Su ne kuma a 2014 suka ninka jeren zuciyar a kan x86-64 daga kilobayit 8 zuwa 16, bayan an ga yana cika.

Cikar jere ita ce abin tsoro. Kwano ɗaya yana aunuwa, amma tsawon jere ya dogara ga zurfin aike: wannan ya aiki wancan, wancan ya aiki wani, kowa kwanonsa na nan har ya dawo. Idan ɗan aike yana iya aiken kansa, abin da Edsger Dijkstra ya yi rubutu a kansa a 1960, to zurfin ba shi da iyaka sananniya. Babbar kwamfuta mai Linux takan ba manhaja jere mai megabayit 8, ba a cika jin ƙarancinsa ba. Amma allon Arduino Uno da ƙannena ke koyo da shi bayit 2048 kacal ne gare shi na ajiyar aiki gaba ɗaya. Da a ce kowane kwano 96 ne, 21 sun cinye shi. Ƙaramar na'ura kuwa ba ta da mai gadi: jere in ya cika sai ya malala cikin kayan maƙwabta, aiki ya ci gaba a kan ƙarya. A shari'ar da aka yi da kamfanin Toyota a Oklahoma ta Amurka a 2013, kan haɗarin mota da ya ci ran wata mata, masani Michael Barr ya shaida cewa kamfanin ya ƙiyasta manhajar injin tana cin kashi 41 cikin ɗari na jerenta, shi kuwa ya auna ya sami 94. Wannan na cikin kurakuran da ya lissafa, kuma hukunci bai yi wa kamfanin daɗi ba.

Shi ya sa nake hana ƙannena kintace. Mafassarin GCC, in an ba shi umarnin -fstack-usage, yana rubuta girman kwanon kowane aiki a takarda dabam, ya kuma nuna wanda ke da tsayayyen awo da wanda ke canzawa. Nakan sa su zana wa ke aiken wa, su nemo hanya mafi zurfi, su tara lambobin da hannu, sannan su kwatanta da abin da allon ke da shi.

Abin da nake fata ɗalibin Hausa ya ɗauka shi ne yadda ake gwada sabuwar kalma. Ba daɗinta a kunne ake dubawa ba, a'a, a ɗora mata kaya a ga ko za ta ɗauka. Jere ya ɗauki ma'anar na ƙarshe shi ne na farko, kwano ya ɗauki awo, malala ta ɗauki ɓarna. Inda jere ya gaza shi ne a yawancin na'urori yana tsiro ne daga babban adireshi zuwa ƙarami, kamar an rataye shi a rufin ɗaki yana saukowa. Wannan sai an faɗa wa ɗalibi a fili. Duk wanda ke da kalmar da za ta ɗauki wannan ma, a Dapaong yake ko a Kano, ina sauraronsa.