Motar da Ba Ta Zafi Sai a Gosulo

Akwai wani direba, mutumin Kano mazaunin Sabon Badun, wanda yake jigilar fasinja zuwa Ikko da wata tsohuwar mota ƙirar Golf. Motar ba tasa ba ce tukuna. Maigidansa ne ya saya ya ba shi bisa sharaɗin ya riƙa kawo balas kowane mako, in ya cika kuɗin ta zama tasa, in kuwa ya kashe inji to yarjejeniya ta warware. Saura wata huɗu ya gama biya sai motar ta tsiro da wata ɗabi'a.

Daga Badun har ya wuce Shagamu, a kan babbar hanyar nan da aka buɗe a 1978, allurar zafi tana zaune a tsakiya ba ta motsi. Amma da zarar ya iso gadar Kara, inda motoci kan yi cirko-cirko kafin a shiga Ikko, sai allura ta fara hawa, kafin a jima tururi ya turnuƙe gaban mota, fasinja suna salati suna neman ƙofa. Ran farko garaje ya sa ya buɗe murfin lagireto nan take, tafasasshen ruwa ya yi tsartuwa ya sale masa bayan hannu. Tabon yana nan har yau.

Makanikin farko ya wanke lagireto. Na biyu ya cire tamostat, wato 'yar ƙofar nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, ya ce wai kayan ƙasar sanyi ne. Na uku kuwa ko tambaya bai yi ba, ya ce gasket ya ƙone, sai an sauke kan inji, ya kuma yanka kuɗin da ya fi balas ɗin wata guda. Abin da ya ɗaure wa direba kai shi ne, duk garejin da ya je, in an duba fanka sai a tarar tana juyawa lafiya lau.

Ana haka wani ɗan kamasho ya kwatanta masa wani dattijon makaniki a Agege, wanda ya koyi sana'a tun zamanin Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975. Dattijon bai taɓa sifana ba sai da ya ce, "Samari, a ina take yin zafin, a kan gudu ko a tsaye?"

Direba ya ce, "A tsaye, Baba. In ina gudu ba ruwanta."

Ya ce, "To, ka riga ka faɗi ciwon da bakinka."

Dalilin kuwa a fili yake ga mai lura. Ruwa yana zagaya inji ya kwaso zafi, ya kai shi lagireto, iska ta ratsa ta sanyaya shi. Mota in tana gudu, iskar hanya ta wadatar, ko babu fanka ba za a gane ba. In ta tsaya kuwa, babu mai kawo iska sai fanka. Saboda haka motar da ke zafi a gosulo ta huce a kan gudu, fanka ake fara tuhuma. Da a ce lagireto ne ya toshe, da a kan gudu ko hawan tudu za ta fi tafasa.

Duk da haka dattijon bai yanke hukunci da ka ba. Ya zaro sandar gwajin baƙin mai, ya ga bai koma kamar madara ba. Ya duba salansa, babu farin hayaƙi. Ya leƙa ruwa tun inji yana da sanyi, babu kumfa mai tasowa. Ya ce gasket dai bai ƙone ba tukuna, amma ana gab da kai shi. Sannan ya sa aka tayar da mota, ya hana kowa taɓa ta, suka tsaya suna kallo. Allura ta wuce digiri 90, ta doshi 100, fanka ko gezau. Ya sa aka kashe.

Daga nan ya bi layin wuta daki-daki. Fiyus bai ƙone ba. Ya cire soket ɗin makunnin da ke jikin lagireto, wanda zafin ruwa ke sa shi ya kunna fanka, ya haɗa bakin wayoyin da guntun waya. Da makunnin ne ya mutu, da fanka ta tashi nan take, amma shiru. Sai ya jawo wuta kai tsaye daga batir, nan ma shiru. Ya ɗauki ƙotar sukundireba ya ɗan ƙwanƙwasa bayan fankar, sai ga ta ta zabura tana juyi.

Ashe gawayin da ke kai wuta cikin ɗan injin fankar ne ya cinye, wani lokaci ya taɓa, wani lokaci ya saki. Girgizar hanya ko bugun bonet a bakin gareji kan farkar da ita, shi ya sa take yin lafiya a gaban makanikai, ta kwanta a gadar Kara. Ba ƙarya idanunsu suka yi musu ba, haƙurin tsayawa a jira ne babu, domin sauke kan inji ya fi kawo kuɗi a kan minti ashirin na kallon fanka.

Wani yaron gareji ya ce a haɗa sabuwar kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, kamar yadda aka saba yi. Dattijon ya daka masa tsawa, ya ce fankar da ba ta hutawa ba ta daɗewa, injin da ba ya kai zafinsa kuma mai yake sha a banza. Ya sa aka nemo wata fankar da sabon tamostat aka mayar. Ya kuma ja wa direba kunne kada ya kuskura ya sa hannu kusa da ita, don irin wannan takan tashi da kanta ko an zare makulli.

Kuɗin duka bai kai balas ɗin mako ɗaya ba. Washegari da hantsi direba ya iso gadar Kara ya tarar da gosulo kamar kullum. Ya rage rediyo, ya kasa kunne, idonsa a kan allura. Ta ɗan gota tsakiya, sai ya ji ƙugin fanka daga gaba, allura ta dawo mazauninta. Wani fasinja ya tambaye shi abin da yake saurare, ya ce ba komai, Alhaji, ya ƙara rediyo.