Daga Gada Biyu Zuwa Alaba: Neman Amfilifayar Maikurowef Ta Hannu

Amfilifayar maikurowef na'ura ce da ke karɓar siginar rediyo mai rauni ta ƙara mata ƙarfi, har ta kai ga tauraron ɗan'adam ko hasumiyar da ke kan wani dutse mai nisa. Iri biyu aka fi amfani da su: mai kwalba, wadda injiniyoyi ke kira TWT, da mai tiransisto. Sabuwa da dala ake sayenta, shi ya sa ƙananan gidajen talabijin ke komawa ga ta hannu.

Daga Gada Biyu a Jos aka tashi nemanta. Garin ba ya rasa masu gyaran kayan watsa shirye-shirye, tunda Kwalejin Talabijin ta NTA da gidan PRTV duk suna Rayfield, kuma su suka ba da shawarar a fara da kasuwar Dilimi. Da aka ambaci amfilifaya a can, sai aka fito da ta lasifikar biki. Wani ya kawo magnetron da aka ciro daga na'urar ɗumama abinci. Shi ma maikurowef yake fitarwa, a gigahaz 2.45, amma tasa igiyar yake ƙirƙira, ba ya ƙarfafa ta wani.

Washegari aka bi ta Saminaka da dajin Falgore zuwa Kano. A Ƙofar Ruwa, wajen 'yan gwangwan, an tarar da ƙananan na'urorin aika sigina da ake kira BUC, masu wat 2 da wat 4, irin waɗanda aka kwance daga farantan tauraron ɗan'adam na bankuna da shagunan intanet bayan zuwan wayar faiba. Suna da araha, sun kuma isa ɗaukar intanet ɗin ofis guda, amma ba su kai ƙarfin da ake nema ba.

Sai aka dawo Gada Biyu, aka hau motar dare zuwa Legas. A kasuwar Alaba da ke Ojo aka samu mai kwalba, wat 400. Kafin ciniki, zangonta aka fara dubawa: zangon C yana aikawa a wajen gigahaz 6, Ku kuma a wajen 14, kuma ɗaya ba ya aikin ɗaya. Ruwan sama ya fi raunana Ku, abin lura ga mai aiki a Filato da damina. Sannan aka duba awoyin da kwalbar ta yi tana aiki, domin ƙarfinta ƙarewa yake yi a hankali, kuma kuɗin sabuwar kwalba kan zarce na na'urar gwanjon gaba ɗaya. Araha ba ta ado.

Gwaji shi ne ya raba gardama. An toshe bakin bututunta da na'urar shanye wuta, aka bar ta ta yi zafi, aka auna abin da take fitarwa. Ba a leƙa bututun tana kunne, don igiyar tana lalata ido, cikinta kuma akwai dubban bolt. Wadda mai kaya ya hana a gwada, kuɗin ƙarfe kawai ake taya ta.

Mallakar na'urar ba izinin kunna ta ba ne. Hukumar NCC ke raba mitar sadarwa, NBC kuma ke ba gidajen rediyo da talabijin lasisi. Har sai takarda ta fito, a cikin akwatinta take zama.