Farantin Inji da Kuɗin Rajista

Mu 'yan Mekanikal idan aka ce "milin mashin", abin da ke faɗo mana a rai shi ne ƙaton injin nan na wokshof mai sassaƙa ƙarfe. A gidanmu a Jibiya kuwa inji ɗaya muka sani, injin niƙa na Inna da ke cikin zaure tun ina firamare. Shi ke biyan kuɗin rajistata, shi ke sayen handawut, har garin kwakin da nake jiƙawa a hostel daga shi yake fitowa. Ranar da ya kwana bai yi ƙara ba, ni ma a nan sai na ji a aljihuna.

Injin kansa sau ɗaya ake sayensa. Abin da ke cin mutum shi ne kayan da ke cinyewa, wato bel da boris da giris, sai uwa-uba faranti. Faranti biyu ne, ɗaya a kafe, ɗaya na juyawa, hatsi na bi ta tsakaninsu. Da haƙoransu sun dakushe sai mai inji ya yi ta ƙara ɗaurewa don gari ya yi laushi. Daga nan ƙarfe ya fara gugar ƙarfe, gari ya fito da zafi, mai ya yi ta zurarewa, ɓurɓushin ƙarfe kuma ya shige tuwon mutane. Wanda bai yarda ba ya ciro maganaɗisun tsohuwar sifika ya tura cikin garin da aka niƙa da gajiyayyen faranti, ya ga abin da zai manne.

Da can Maraɗi muke zuwa. Ka bi ta Magama, ka wuce Ɗan Isa, ka yi cinikinka ka dawo kafin la'asar. Kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwan Kwatano suna isowa can da sauƙi, ga shi babu wanda ba shi da dangi a tsallake. Sai dai mutum ya kula da lissafi, don jikka a can sefa dubu ce, ba naira 200 irin tamu ba. To a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mu kuwa a bakin iyakar muke zaune. Da aka buɗe wasu iyakoki a Disambar 2020 babu Jibiya a ciki, sai Afrilun 2022. Ba mu gama sauke ajiyar zuciya ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake datsewa har Maris ɗin 2024. Kafin a buɗe, naira ta riga ta sha ƙasa a gaban sefa, arhar Maraɗi ta zama labari.

Dole muka juya Kano. Sabon kaya a Sabon Gari, na hannu a Ƙofar Ruwa. A nan ne bokon ya fara yi mini rana. In ka ce wa mai shago, "Alhaji, boris ɗin injin niƙa nake so," farashi ɗaya zai yanka maka. In ka ce, "A ba ni 6205 guda biyu," sai ya ɗago ya dube ka, farashin ma ya canza. Lambar nan ai ma'auni ce ta duniya: ramin ciki milimita 25, faɗin waje 52, kauri 15, ko a ina aka ƙera shi. Da ka san haka, ba sai lallai a shagon kayan inji ba, har wajen masu kwance tsofaffin motocin lantarki za ka samu. Ni dai a ganina boris ɗan Beljiyam mai lafiya ya fi sabon jabu mai ƙyalli a kwali. Juya shi kusa da kunnenka, in ka ji kamar yashi a ciki, ajiye musu abinsu. Bel ma haka yake, harafin A ko B da ke jikinsa faɗinsa yake nunawa, milimita 13 da 17, lambar da ke biye kuma tsawo. Ƙaramin ma'aunin baniya da na saya a shekarar farko ya biya kuɗinsa tuni.

Faranti ne dai ba a yi masa wayo. Wani abokina ɗan ajinmu ya taɓa kawo shawara mu ɗauko tsohon faranti mu sake yanka masa haƙora a kan injin milin, har ma ya zama furojet. Muka je wa malamin wokshof da maganar. Ya ɗauki fayil ya goga a bakin farantin, fayil ya zame kamar a kan gilashi. Ya ce, "Kun gani? Ƙarfen zubi ne mai tauri. Wuƙar HSS ba za ta gama layi biyu ba ta mutu. Sai kabayid, shi kuma kuɗin guda ɗaya zai saya muku sabon faranti, ga shi in kuka yi masa gaggawa ya ɓalle." Shi ya sa har gobe mai wasa faranti da girandarsa, wanda ke zama a kasuwar Jibiya ranar Lahadi, ya fi mu da injinmu na miliyoyi araha. Dutsen giranda bai damu da taurin ƙarfe ba. Illa iyaka kowane wasawa yana rage kauri, kuma in hannun mai wasawar ya karkace, farantin zai dinga cin gefe ɗaya.

Dabarar da ta fi taimakonmu ita ce ajiye faranti saiti biyu, ɗaya a inji, ɗaya a wajen wasawa. Da na kawo maganar Inna cewa ta yi, "Kai ɗan nan, kuɗi kwance a ƙarƙashin gado?" Sai da azumi ya zo, layin masu markaɗen ƙosai da kunu ya kai waje, maƙwabcinmu ya tsaya kwana biyu yana jiran faranti, kwastomominsa suka dawo zaurenmu, sannan ta daina kiran saitin na biyu almubazzaranci. Sabon wasawa kuwa ba a fara shi da hatsin mutane, sai an bi shi da dusa ta kwashe ƙarfen tukuna, dusar kuma a zubar.

Yanzu mu uku ne masu inji a unguwarmu muke haɗa kuɗi, ni nake sayowa in an yi hutu, tun da kuɗin mota ɗaya ne, kuma mai shago ya fi sassauci ga mai ɗaukar faranti shida. An ce jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi. Kafin ya iso dai a bayan mota nake ɗauro su cikin buhu, direba yana mitar nauyi tun daga Kano har Katsina.