Tambulan Mai Zane Da Ƙarau Na Bida

Abu biyu na gilashi sukan fito daga ɗakunan tsofaffin mata a ƙasarmu ta Kebbe idan aka zo rabon gado. Ɗaya shi ne tambulan mai nauyi, wanda aka sassaƙe jikinsa yana walƙiya kamar lu'ulu'u, irin tsarabar alhazai da fatake. Ɗayan kuwa ƙarau ne na hannu, baƙi ko shuɗi. Sau da yawa ni ke riƙe da alƙalami ina rubuta kaya da kimarsu. Tambulan akan yi masa kuɗi, ko da kaɗan ne. Ƙarau kuwa sai a ce, "Malam, bar wannan, a ba yara." Ni dai a ganina duka biyu aikin gwanaye ne.

Mu fara da tambulan. In ka ƙwanƙwasa bakinsa da farce, ka ji ya yi amo mai tsawo kamar ƙararrawa, to, da alama akwai darma a cikinsa. Wani Bature a Landan, George Ravenscroft, shi ya kyautata dabarar haɗa darma da gilashi tsakanin 1674 da 1676. Darma ke ba shi nauyi da sheƙi, ita ce kuma ke sa ya yanku. Mai sassaƙa yakan riƙe tambulan da hannu biyu, ya danna shi jikin faifan ƙarfe mai juyawa, jiƙaƙƙen yashi na ɗiga a kai. Sa'an nan ya koma faifan dutse, daga ƙarshe ya goge da na itace. Hannu ya goce sau ɗaya, aiki ya ɓaci.

Cikin gidajen wannan sana'a da suka yi suna akwai na garin Waterford, a ƙasar Ailan, wanda George da William Penrose suka kafa a 1783. Haraji ya yi masa nauyi, aka rufe shi a 1851. Aka tayar da shi a 1947, babbar masana'antar kuma ta sake rufewa a 2009. Amma kada mai karatu ya zaci kowane tambulan mai zane sassaƙaƙƙe ne. Da yawa zubi ne, an matsa su cikin mazubi. Shafa ka ji: na sassaƙa zanensa da kaifi, na zubi kuwa da dakushi, har akan ga layin mahaɗa a gefensa. Af, kuma kada a bar zoɓo ko ruwan tsamiya ya kwana a cikin mai darma, gama tsami yana jawo ta, ita kuwa guba ce.

To, shi ƙarau fa? Ba daga Turai ya zo ba, aikin Bida ne. Bida kuwa ba baƙuwarmu ba ce, domin ƙasar Nufe tana ƙarƙashin Gwandu, maƙwabtanmu, a zamanin da 'ya'yan Malam Dendo suka mai da Bida babban birninsu, wajen 1857. A can akwai unguwar Masaga, inda zuriya guda ta gaji aikin gilashi. Su da bakinsu sukan ce kakanninsu daga Masar suka taso, suka biyo ta Barno. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, tun asali ba sayen gilashi suke yi ba, dafa shi suke yi. Sukan haɗa yashi da kanwa, su yi ta zuga wuta kwana da kwanaki, har ya zama baƙin gilashin da suke kira bikini. Wani Bajamushe, Leo Frobenius, ya ga aikinsu a 1911, S. F. Nadel kuma ya bayyana shi cikin littafinsa na 1942 a kan Nufawa. Da kwalaben Turawa suka yawaita, sai aka koma narka su, gama ya fi sauƙi, ga kuma launi iri iri. Saboda haka baƙin ƙarau na kakanninmu, mai yiwuwa ba daga kwalba ya fito ba, daga yashin ƙasar Nufe ne.

Ɗauki ɗaya ka juya shi, ka nemi inda aka haɗa bakinsa. Ba za ka samu ba. Maƙerin yakan ɗebo narkakken gilashi a kan sandar ƙarfe, ya huda tsakiyarsa, ya yi ta kaɗa shi a bakin wuta yana buɗa ramin, har ya isa shiga hannun mace. Ba mazubi, ba ma'auni, sai ido.