Birnin Zariya da Baƙuwa Mai Wuce Zaure

A wannan mako ku ɗauko mayafi mu leƙa birnin Zariya, gama akwai wata baƙuwa a can da na ke so ku sani.

In kin taso daga Tudun Wada, ta Ƙofar Doka za ki shiga. Ki miƙe har Babban Dodo, gaba kaɗan ga fadar Sarkin Zazzau, ga kuma Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarimu. Da kin saki titi sai lunguna, waɗansu ko mota ba ta shiga. Kowane gida da zaurensa, namiji baƙo kuwa iyakarsa nan.

Zariya ba ta rasa asibiti ba. Akwai na Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da na Wusasa, da babban na koyarwa a Shika. Amma asibiti ba shi da ƙafa, mai jego kuwa tana ɗaka sai ta yi arba'in. To, wa zai gan ta? Sai malamar lafiya mai bin gida-gida, wadda sallama kaɗai ta ishe ta wuce zaure. Ba yau aka fara irin aikinta ba, tun 1862 mata ke yin sa a birnin Mancesta ta Ingila.

In ta shiga ɗaki, jinjiri ta kan fara dubawa. Cibiya ta yi ja, ko tana wari? Idonsa ya yi ruwan ɗorawa? Yana kama nono sosai? Ta kan hana zubar da nonon farko, gama shi ne garkuwarsa, ta ce a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa ban da. Sa'an nan ta duba kati: akwai allurar riga-kafi ran haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9. Yayyensa ma ba ta barin su, ta kan zagaya damtsensu da ɗan tef mai launi uku. In ya tsaya a ja, tamowa ce, sai asibiti.

Uwar fa? Nan ne Zariya ta koya wa duniya wani abu. A shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello suka lura ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Zazzau. Suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya aiki. Alamarsa kumburin ƙafa, da haki, da tari in an kwanta. Kada a ce gajiyar haihuwa ce, a kai ta ga likita ran nan. Malama ba faɗa da kaka ya kawo ta ba, roƙonta a rage kanwa, a surka ruwan wanka.

Saboda haka, 'yar'uwa, ko a wane gari ki ke, in ta yi sallama ki shimfiɗa mata tabarma, ki ɗauko kati. Kada kunyar ɗan fari ta sa ki ɓoye abin da ke damunki, ran da aka yi sake kunya ba ta tsinana kome. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙa karanta wa iyayenku ranar da aka rubuta a kati, kada ta wuce. Wata ran ma wata cikinku ce za ta rataya jakar, ta bi lungun.

Allah ya raya mana zuriya. Sai mako mai zuwa.