Wasiƙa daga Ingila: Reshen da ba shi da saiwa

Yau ba zancen karatu zan yi muku ba, zancen wani reshe ne.

Akwai wata itaciya da Turawa ke kira firanjifani, masana kuma su ce Plumeria, don tunawa da Charles Plumier, Bafaranshe masanin tsirrai da ya rasu a 1704. Asalinta Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan. Wanda ya san tsofaffin gidajen Jiyare ya san ta: fure fari mai rawaya a tsakiya, ƙamshinsa ya fi tashi da daddare. Wata abokiyar karatuna 'yar Indunisiya da ta gama za ta koma gida, ita ta yanko mini reshe ɗaya daga tukunyarta, tsawonsa kamar santimita 30. Ta ce a wajensu kamboja ake ce mata, har a maƙabarta ake shuka ta. Na yi mata alkawarin hoton furen farko, kuma alkawari kaya ne.

Mu da muka tashi muna ganin ana kafa shinge da reshen dashi ko bini-da-zugu, ana binne karan rogo ya tsiro, sai mu ɗauka abu ne mai sauƙi. A gida rana ce ke yin rabin aikin. A nan kuwa sanyi da laima su ne abokan gaba, domin reshen cike yake da ruwa, in ya zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi ruɓewa zai yi kafin ya yi saiwa.

Shi ya sa ba a dasa shi nan take. Na cire ganyen, na ajiye shi a inuwa mako biyu, har bakin yankan ya bushe ya yi tauri. A kula, farin ruwan da yake fitarwa yana sa ƙaiƙayi, kada ya shiga ido. Daga nan na haɗa ƙasar tukunya da wata farar tsakuwa mara nauyi da ke barin ruwa ya wuce, rabi da rabi. Yashi mai kauri ma yana yi. Na tsoma gindin a hodar fitar da saiwa, na kafa shi zurfin yatsa, na tokare da tsinke, na ba shi ruwa sau ɗaya tak, na aje a tagar da ke kallon kudu. Gindin yana son ɗumi na wajen digiri 25.

Abu mafi wuya shi ne kame hannu. Zuciya tana ce maka ka ƙara ruwa, ko ka tuge ka duba, alhali sabuwar saiwa ko taɓi ba ta so. Abin da ya halatta kawai shi ne ka ɗan matsa gindin: in da tauri, lafiya lau, in ya yi laushi, an yi asara. Yakan ɗauki mako shida zuwa takwas.

Yau kwana 47, kuma ganye biyu sun buɗe a kansa, alamar ƙasa ta karɓe shi ke nan. Saura hunturu, lokacin da zai zubar da ganye ya yi barci, a daina ba shi ruwa, a kuma tsare shi kada sanyin ɗaki ya sauka ƙasa da digiri 10. Fure kuwa watakila sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Allah ya nuna mana.

A gaida mutanen gida. Sai wasiƙa ta gaba, in Allah ya yarda.